Yadda Ake Tayar da Wili, Sarƙa da Giyar Tsohon Babur

A gidaje da dama a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Zuru akwai babur da ke jingine a zaure ko bayan rumbu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyinsa sun zauna ƙasa, wani ma har yanzu da lambar tsohuwar Jihar Sakkwato a jikinsa tun kafin a yanke Kebbi a 1991. Yawancinsu na malaman makaranta ne da malaman gona da ma'aikatan hukuma, waɗanda suka saya lokacin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, a tsakiyar shekarun 1970 ko bayansa: Honda C50 da C70, CG125 da ya fito a 1975, Benly, Roadmaster, Suzuki A100, Yamaha YB100. Idan ɗa ko jika ya tashi tayar da irin wannan babur, inji yake fara bi. Da zarar ya ji ya tashi, sai ya sa iska a taya ya hau titi. Nan haɗarin yake, domin abin da ke riƙe da ran mutum a ƙasa yake: wili, boris, birki da sarƙa.

Bakaniken da hannunsa ya saba da Boxer da Jincheng zai ce maka a cire tsohon wilin gaba ɗaya a dasa sabo na kasuwa. Ni ban yarda da wannan ba. Hob ɗin da babur ya zo da shi daga kamfani, wato cibiyar wili inda boris da birki suke, in dai bai tsage ba, ba za ka sami kamarsa a shago ba, kuma shi ne ya dace da faɗin shokar gaba da farantin birki da wayar agogon gudu. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma abubuwan da aikinsu cinyewa ne, wato boris, lainin birki, taya, tif, sarƙa da sufuroket (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa), waɗannan kada ka tausaya musu, komai kyan da suke nunawa a ido.

Kafin sifana ta taɓa noti

Ka wanke baburin tukuna, ka ɗora shi kan jak ɗin tsakiya a wuri mai daɓe, ka tokare ƙasan inji da katako yadda ko an cire taya ba zai kife ba. Daga nan waya da littafi su ne kayan aikinka na farko. Ka ɗauki hoton kowane wili ta dama da ta hagu, kusa-kusa, yadda za a ga jerin sifok, wato siraran ƙarafan da ke haɗa hob da wili: guda nawa kowane sifok ya gitta da kuma ramin da ya shiga kusa da bawul. Ka ɗauki hoton jerin washa da ƴan bututun da ke jikin shaf, wato ƙarfen da wili ke juyawa a kansa, domin na dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba.

Sai rubutu. Girman da aka buga a jikin wili, kamar 1.40×17 ko 1.60×18. Girman taya. Yawan haƙoran sufuroket na gaba da na baya. Lambar da ke jikin sarƙa da yawan gaɓoɓinta. Akwai awo ɗaya da kusan kowa ke mantawa, kuma shi ya fi wahalar dawowa in an rasa shi: ka kwantar da wilin bayan an cire taya, ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakin hob ta wajen birki, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da gefen wili. Ba kowane wili ne ke zaune daidai tsakiyar hob ba. In ka kwance sifok ba ka rubuta wannan tazara ba, za ka ɗaura wili mai kyau wanda ba ya bin sawun ɗan'uwansa.

Notin da ya shekara talatin bai motsa ba, ka jiƙa shi da kananzir haɗe da ɗan man inji ya kwana. Shaf in ya ƙi fita, ka mayar da notin bakinsa, ka sa katako sannan ka buga. Guduma kai tsaye kan zare tana lalata shi nan take.

Me za a ajiye, me za a yar

Ka cire taya da tif, ka ɓare robar da ke rufe kawunan sifok, wato notocin da ke ɗaure su da wili. Abin da ke ƙarƙashinta shi ne gaskiyar wilin. Babur da ya sha ratsa fadama da damina ruwa yana kwana a nan, sai ka ga waje na ƙyalli ciki kuwa ya zama gari. Ka kankare da buroshin waya, sannan ka bi kewayen kowane rami kana dannawa da bakin sukudireba. In ƙarfen ya lotsa, ko tsatsa na ɓarewa falle-falle, ko akwai tsaga daga wani rami, wannan wili ya gama aiki. Kada a yi masa walda. Haka wanda ya daki rami bakinsa ya lanƙwashe sosai. Ka nemi wani mai girma ɗaya da ramuka 36, kuma ka lura da karkatar ramukan, domin wilin da aka huda don ƙaramin hob ba zai karɓi sifok daga babban hob ba sai an tanƙwara su.

In tsatsar ta sama ce kawai, ka jiƙa cikin wilin da ruwan tsamiya mai kauri ko na lemun tsami ya ɗauki wasu awoyi, ka goge, ka ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa, ka shanya a rana ya bushe ƙayau. Sai ka shafa jan fentin nan na maganin tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofofi. Wajen wilin mai ƙyalli kuwa kada samfefa ta taɓa shi. Takardar alminiyom da aka dunƙule aka tsoma a ruwa tana ɗauke ɗigon tsatsa ba tare da ta karce ba. Ruwan batir kada ya zo kusa.

Hob na alminiyom ne, kananzir da buroshi sun ishe shi. Sodar yin sabulu tana cin alminiyom, kanwa ma ba ta yi masa daɗi, don haka a nisanta su. Bayan wanki ka duba kewayen ramukan sifok da mazaunin boris a cikin haske ko akwai tsaga.

Sifok masu tsatsa, in ka riga ka sami sababbi a hannu kuma ka gwada tsawonsu da tsoho, kana iya yanke su ka huta. In ba ka samu ba tukuna, ka kwance su da haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Kayan waɗannan babura sun yi wuya a nan. Abin da ba a samu a Birnin Kebbi ko Jega ba akan aika Sakkwato ko Kano, wani kuma sai daga kasuwar Nkwo da ke Nnewi. Duk abin da za ka aika a sayo, ka haɗa da tsohon a matsayin samfur. Sunan babur kaɗai ba ya isa.

Boris

Ka ɓanɓare robar da ke tare ƙura. Tsakanin boris biyu na cikin hob akwai bututu. Ka ture shi gefe da dogon ƙarfe har ka sami bakin boris na ɗaya ɓangaren, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kada ka dage wa gefe ɗaya ya fito a karkace ya ci mazauninsa. Boris da aka fitar da duka ba a mayar da shi.

Lambarsa na jikinsa. A ƙananan baburan Japan za ka fi cin karo da 6301, mai rami milimita 12 da faɗi 37, ko 6202 da 6302 masu rami 15, ko 6203 mai rami 17. Ka sayi mai 2RS a ƙarshen lambar, wato mai murfin roba gaba da baya. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe, buɗaɗɗen boris ba ya daɗewa. Jabu sun yi yawa cikin kwalayen manyan kamfanoni, saboda haka ka juya shi a yatsa tun a shago: in yana da girgiɗi ko kana jin ƙaiƙayi a juyinsa, ka ajiye.

Wajen sakawa, ka bar hob a rana ya yi zafi, boris kuma ka sa shi a leda cikin ƙanƙara. Zai shiga da ɗan bugu. Zoben waje kaɗai ake bugawa, da tsohon boris ko soket mai faɗinsa. Kada ka manta da bututun tsakiya kafin ka sa na biyu. In babu shi, ranar da aka ɗaure shaf ranar boris zai fara mutuwa. In sabon boris ya faɗa mazauninsa da kansa ba tare da bugu ba, mazaunin ya buɗe, sai a kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya sa masa zobe. Cusa guntun gwangwani dabara ce ta kwana biyu. Shaf kuma ka mirgina shi a kan gilashi. In yana ɗingishi ya lanƙwashe.

Ɗaurin wili

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma mafi yawan kanikawan babur na yanzu ba su yin sa, domin sauya wili ya fi musu sauri. Waɗanda suka riƙe sana'ar su ne tsofaffin masu gyaran keke. Akwai wani dattijo da nake zama wurinsa a bakin kasuwa, wanda ba ya da wani ma'auni sai guntun alli da kunnensa. Yakan juya wili, ya matso da allin sannu a hankali har ya fara taɓa wurin da ya kauce, ya tsayar, ya ɗan murɗa sifok biyu ko uku, ya goge allin da babban yatsa, ya sake juyawa. Wani saurayi ya taɓa ce masa, "Baba, a ɗaure su tamau mana a gama." Bai ɗaga kai ba ya ce, "Yaro, wanga aiki ba na ƙarfi ba na." In kana da irinsa kusa, ka kai masa, ka zauna ka kalla. In kai za ka yi, ga yadda ake bi.

Sifok 36 kashi biyu ne: 18 na ciki, 18 na waje. Ka jera su ka duba wuyansu. Waɗanda lanƙwasarsu ta fi matsewa su ne na waje, domin sai sun zagayo gefen hob. Masu buɗaɗɗiyar lanƙwasa su ne na ciki. A wasu baburan ma tsawon na dama da na hagu ya bambanta. Ka ɗiga mai a zaren kowanne.

Da na ciki ake farawa. Ka zura tara a gefe ɗaya na hob, kana tsallake rami ɗaya, kawunansu na wajen lanƙwasa suna kallon waje. Ka juya hob ka zura tara a ɗaya gefen. Ka kwantar da wili kewaye da hob, ka tallafe shi da katako, ka karkata sifok ɗin zuwa inda hotonka ya nuna. Ramukan wili da kansu suna faɗin inda suke so: ka zura kan sifok a rami ka ga inda ya nuna, dama ko hagu, gaba ko baya. Kowane rukuni na tara yana shiga rami ɗaya ya tsallake uku. Bayan na ciki sun zauna, sai na waje, su kuma suna karkata kishiyar na cikin da ke gefensu. Kowane kai ka murɗa shi zagaye uku ko huɗu kawai. In ka ga wani sifok ya kasa kaiwa ko ya zarce da yawa alhali sauran sun yi daidai, ba gajere ba ne, ramin da ka fara da shi ne ba daidai ba. Ka kwance ka sake.

Yanzu ka sa shaf, ka kama shi a bais, wato abin matse ƙarfe, ko ka mayar da wilin kan shokar baburin. Ka ɗaure guntun waya mai ƙarfi a gefe, bakinta ya kusa taɓa wili. Ka bi kawunan duka daga bawul ka dawo bawul, kana ƙara wa kowanne daidai da ɗan'uwansa, har zare ya kusa ɓacewa. Sannan gyara. Tsalle ake fara kashewa, wato hawa da saukar wili: inda ya yi tudu, ka ɗaure sifok huɗu ko shida na wurin, dama da hagu baki ɗaya, ka ɗan sassauta na kishiyar wurin. Sai kaucewa gefe: in wili ya kauce dama, ka ɗaure waɗanda suka tafi gefen hagu na hob, ka sassauta na dama daidai gwargwado. Rubu'in zagaye a lokaci guda, ba fiye ba. Lokaci-lokaci ka gitta ƙarfen nan ka duba tazarar da ka rubuta tun farko.

Littattafan gyara na Honda sun sa iyakar kaucewa a milimita 2, ko gefe ko sama. Mai haƙuri yana iya saukar da ita ƙasa da 1. Wurin da aka haɗa wili da walda a kamfani yakan yi ɗan tsalle gajere. Wannan kada ka bi shi, ba ya gyaruwa da sifok. A ƙarshe ka bi su da sifana kana ƙwanƙwasawa. Ɗaurarre yana amsawa da ƙara siririya, sakakke kuwa ɗif. Duk wanda zarensa ya leƙo ta cikin wili ka goge shi da magagari, in ba haka ba shi zai fara huda tif. Sai sabuwar robar rufi. In babu, a yanko daga tsohon tif.

Birki

Lainin tsofaffin babura yakan ƙunshi asbestos, ƙurarsa tana illa ga huhu. Kada ka hura da baki ko da iskar mai faci. Tsumma mai laima za ka sa. Tsohon laini ko da kaurinsa bai ragu ba ka sauya shi, domin gam ɗin da ke riƙe da shi yana sakewa da shekaru, in ya ɓalle cikin tafiya taya kullewa take yi. Wanda kaurinsa ya sauka zuwa milimita 2 dama ya ƙare.

Cikin hob inda laini ke gogawa, ka bi shi da samfefa mai laushi. Yawanci an rubuta iyakar faɗinsa a jiki. A C50 da C70 faɗin milimita 110 ne, in ya wuce 111 ya cinye. Ka zare ƙarfen da ke buɗa lainin, ka wanke, ka shafa giris kaɗan, kaɗan ƙwarai, kada ya kai ga laini. Don ka san ko sabon laini ya zauna, ka shafe fuskarsa da alli, ka haɗa, ka juya wili kana ɗan kama birki, ka buɗe. Inda allin ya goge nan kaɗai ke kamawa; ka rage wurin da samfefa har kamun ya bazu. Ranar haɗawa, ka matse birki sosai sannan ka ɗaure notin shaf, farantin zai zauna a tsakiya.

Taya da tif

A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin 2000. Taya mai zane kamar sabuwa amma ta bushe ta yi tsatstsage ba ta riƙe kwalta, musamman da ruwan farko. Ka sayi girman da babur ya zo da shi. C70 yana ɗaukar 2.25-17 a gaba da 2.50-17 a baya. Faffaɗar taya a siririn wili tana gogar murfin sarƙa kuma tana lalata kwana.

Ka barbaɗa wa tif hoda, ka sa masa iska kaɗan ya yi siffa, ka shafa ruwan sabulu a bakin taya. Da ƙarfen cire taya mai santsin baki ake aiki, ba sukudireba ba. In akwai kibiya a jikin taya ta kalli inda take juyawa. Bayan an hura, ka bi siririn layin da ke kewaye da bakin taya ka ga tazararsa da wili ɗaya ce ko'ina. Notin bawul kada a ɗaure shi tamau a jikin wili. In an bar shi sake, bawul zai karkata ya nuna maka tif na jan jiki kafin ya tsinke.

Sarƙa da sufuroket

Su uku, wato sarƙa da ƙaramin sufuroket na gaba da babba na baya, tare suke tsufa, tare kuma ake sauya su. Sabuwar sarƙa a kan tsohon sufuroket asarar kuɗi ce. Ka kama sarƙa a bayan babban sufuroket ka ja baya. In ta ɗaga har ka ga rabin haƙori, ta miƙe. In kana son awo, gaɓa 20 na sabuwar sarƙa milimita 254 ne, wadda ta kai 259 ta gama. Haƙoran da suka yi tsini ko suka karkata gefe ɗaya su ma sun gama.

Ka kula da lamba. Sarƙa 420 da 428 tsawon gaɓarsu ɗaya ne, milimita 12.7, shi ya sa ake rikita su, amma 428 ta fi faɗi da kauri. Ƙananan Honda irin C50 da C70 suna amfani da 420, CG125 kuwa 428. Sarƙa da sufuroket biyun dole su zama lamba ɗaya.

Bayan babban sufuroket, cikin hob, akwai robobin da ke shanye fizgar inji. In ka riƙe taya ka murɗa sufuroket ya yi wasa gaba da baya, sun mutu, kuma su ne ke sa babur ya riƙa fizga duk lokacin da aka saki mai aka sake ja. Ka duba ramin ƙaramin sufuroket da zaren shaf ɗin da yake hawa. Na sha ganin inda zaren ya cinye aka kira mai walda ya like sufuroket ɗin da shaf. Wannan yana ɓata mini rai, domin zafin yana ƙona robar da ke tare mai, kuma ranar da haƙoran suka ƙare sai an fasa inji gaba ɗaya. In zaren ya tafi, shaf ake nema.

Yanzu maganar yawan haƙora, wadda a nan mutum ke iya daidaita babur da hanyarsa. Ka raba haƙoran baya da na gaba. Misali 36 a baya da 14 a gaba ya ba da 2.57, wato ƙaramin sai ya juya sau biyu da rabi da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa 15 a gaba, lissafin ya sauka zuwa 2.40: inji zai rage kuka a doguwar kwalta irin ta Jega zuwa Yauri, amma zai yi nauyin tashi, kuma in akwai goyo ko iska ta gaba, giyar ƙarshe ba za ta ja ba. In ka bar 14 ka sa 39 a baya, ya hau zuwa 2.79: ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu. Wanda hanyarsa yashi ce da taɓon fadama, ko yana ɗauko buhun shinkafa ko albasa daga gona, ko yana hawan tuddan ƙasar Zuru, wannan ya fi masa. Haƙori ɗaya a gaba ya kusa daidai da uku a baya, saboda haka kada a yi tsalle da yawa. Shawarata ga injin da ya tsufa ita ce a fara da abin da kamfani ya sa, a hau a ji, sannan a sauya in da buƙata. Babban sufuroket yana iya neman ƙarin gaɓa biyu, kuma ka tabbata zai shiga cikin murfin sarƙa.

Murfin nan kuwa, in baburinka na da shi, ka gode Allah ka mayar da shi. Samari suna cire shi wai don ado ko don yana ƙara. Mai da yashi in suka haɗu a kan sarƙa niƙa ta suke yi, murfin shi ne ke raba su. In ya lotse, a buge shi ya miƙe.

Wajen haɗa sarƙa, ƴar makullin gaɓar haɗi rufaffen bakinta ne ke kallon inda sarƙa ke tafiya. Notocin babban sufuroket a lanƙwasa musu kunnuwan washa. Ka juya taya ka nemo inda sarƙa ta fi tsauri, a nan za ka bar mata wasa kamar milimita 20 sama da ƙasa, ka sake dubawa da mutum zaune a kai. Alamomin da ke jikin abin jan taya na dama da na hagu kada ka amince musu kai tsaye a tsohon babur. Ka ja zare biyu daga tayar baya zuwa ta gaba, ɗaya kowane gefe, su taɓa gaba da bayan tayar baya. Tazararsu da tayar gaba ta zama ɗaya dama da hagu. Man giya mai lamba 90 ya fi dacewa da irin wannan sarƙa. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe.

Cikin giya

Fasa inji shi ne abu na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a kai wa gare shi. In giya na wahalar shiga ko firi na ɓuya, ka fara da abin da ke waje. Fedar giya ta kama zarenta ko tana zamewa? Wayar kuloci tana tafiya sumul? A bar wa hannun kuloci wasa milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa. C50 da C70 ba su da hannun kuloci, nasu da kansa yake kamawa, amma akwai sukurun saiti a murfin dama: ka sassauta notinsa, ka juya sukurun dama zagaye ɗaya, ka dawo da shi hagu a hankali har ka ji ya ɗan cije, sannan ka mayar dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ka ɗaure notin.

Sai ka juye mai a kwano mai tsabta, ka ja maganaɗisu a ciki. Laushin gari baƙi kaɗan ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe da ake ji a yatsa shi ne labari mara daɗi. Ka tuna Suzuki A100 da Yamaha YB100 man giyarsu daban yake da man da suke ƙonawa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi shekara da shekaru.

Mataki na gaba murfin dama. Sukurorinsa suna da taushin kai, ka nemi sukudireban nan da ake bugawa da guduma. A ciki za ka ga kuloci, da sandar da fedar giya ke juyawa, da sifirin da ke dawo da ita, da wani ɗan hannu mai ƙaramar taya da ke danne tauraron giya don ta tsaya inda aka sa ta. Karyewar sifirin ɗaya daga cikinsu ko kwancewar sukurun tauraron yana kawo da yawa daga matsalolin da ake ɗora wa giya, kuma duk ana gyara su ba tare da an sauke inji ba. Farantan kuloci da suka daɗe a ajiye sukan manne da juna. A raba su, a duba na ƙarfen a kan gilashi ko sun karkace, sababbin kuma a jiƙa su cikin man inji kafin a sa.

In babur na fitar da giya da kansa lokacin da aka ja mai, musamman ta biyu, to ciwon na ciki ne: ƙahonin da ke sarƙe giya da giya sun goge sun yi kwana, ko cokulan da ke tura su sun lanƙwashe. Nan sai an raba inji biyu, kuma ana buƙatar abin zare magneto na ainihi, ba duka ba. Ka shimfiɗa farin buhu, duk abin da ya fito daga shaf ka zura shi a waya bi da bi yadda ya fito, har da siraran washa, domin guda ɗaya in ta sauya wuri giya ba za ta jeru ba. Cokali mai shuɗin ƙuna ko zurfin karce a sauya shi. Giyar da ƙahoninta suka goge a sauya ta tare da wadda take shiga cikinta. Zoben makulli da aka cire ba a mayar da shi, fakin da robobin tare mai duk sababbi. Kafin ka ɗaure murfin ƙarshe, ka juya shaf da hannu ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har firi.

Man da za ka zuba ya zama na babur, mai alamar JASO MA, 20W-50 ya dace da zafinmu. Wasu mayukan mota na zamani suna sa kuloci zamewa. CG125 yana shan kusan lita ɗaya, C70 bai kai haka ba. Da sandar awo za ka tabbatar, babur na tsaye a miƙe.

Hawan farko a yi shi a fili, ba goyo, a gwada birkin gaba da na baya daban-daban tun ana tafiyar ƙafa. Bayan ɗan zagaye ka taɓa hob biyun. In ɗaya ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, birki na gogawa ko boris ya matsu. Sabuwar sarƙa tana saki a kwanakin farko, sababbin sifok ma suna zama, don haka bayan mako ɗaya ko biyu na hawa ka sake ɗora shi kan jak, ka bi sifok da ƙwanƙwasa, ka duba kaucewar wili da wayar nan, ka ja sarƙa, ka bi notocin shaf da na sufuroket. In an fasa inji, a juye man farko da wuri a sake duba shi da maganaɗisu.